Jan layin Word ya hana ɗalibaina sakewa, me zan yi?

Malama daga Garwa, Kamaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Faransanci nake koyarwa a wata sakandare, 'yan ajin probatoire, wato jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe. Mun samu kwamfutoci na hannu, na sa yara suna buga rubutunsu a manhajar rubutu ta Word. Amma da yaro ya fara sai shafi ya cika da jan layi, har a kalmar da take daidai. Wata yarinya goge sunan garinsu, Pitoa, ta yi don an ja masa layi, abin ya taɓa ni sosai. Wasu kuma duk gyaran da aka miƙo musu dannawa kawai suke yi. In kashe shi gaba ɗaya ne? Ranar jarrabawa fa biro ne da takarda.

Mai shagon buga takardu, Marwa:
Wa'alaikis salam Malama. Ina kyautata zaton a Turanci aka bar injin. Danna Ctrl da A, ki shiga Révision, Langue, Définir la langue de vérification, ki zaɓi Français, ki danna Définir par défaut. In menun na Turanci ne, Review za ki nema. Sunan gari ko na mutum kuwa, danna dama a kansa, Ajouter au dictionnaire. Kowace kwamfuta sai an yi mata nata.

Malami daga Ngaundare:
'Yar'uwa, kar ki kashe, jinkirta shi za ki yi. A Fichier, Options, Vérification, akwai duba kalma daban, duba nahawu daban: ja na kalma ne, shuɗi na nahawu. Cire alamar dubawa lokacin bugawa, yaro ya zubo abin da ke ransa tukuna, in ya gama ya danna F7, Word ya duba masa. A ajina ba mai karɓar gyara sai ya faɗa mini dalilinsa da baki. Ki rubuta musu "ses" da "ces" a allo, su ga duka biyun kalmomi ne sahihai, ja ba zai kama su ba. A Vérification ɗin kuma ki zaɓi tsohuwar ƙa'idar rubutun Faransanci da wadda aka gyara a 1990 tare, don "coût" da "cout" su wuce.

Wata uwa daga Kuseri:
Malam, a gafarce ni, ɗana da ganin jan nan ya koyi sa aksan, alamomin nan na kan haruffa. Masu rauni a bar musu shi, shuɗin kawai a kashe.

Malama daga Garwa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, injinan layin gaba zan bar musu ja, masu rauni su zauna can.