Boycott zan rubuta ko strike? A taimaka kafin Alhamis

Sakataren teloli:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dilan da muke sarin zare da zif da yadi a wajensa ya ƙara kuɗi ba sallama, kuma idan ka auna bandir sai ka tarar bai cika ba. Ƙungiyarmu ta zauna ta yanke cewa ba mai sake sayen ko allura a shagonsa sai ya gyara. An ce in rubuta wa shugabannin kasuwa wasiƙa da Turanci. Ciyaman ya ce in sa strike, ni kuma boycott ce ta zo min. Wacce ta dace? Kuma ina aka samo boycott ɗin nan, don ni ba ta yi min kama da Turanci ba.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Kai ke da gaskiya. Strike yajin aiki ne, wato ma'aikaci ya ajiye aikinsa. Ku kuwa kekunan ɗinkinku na nan suna ƙara, ciniki da mutum ɗaya kuka ƙaurace wa. Wannan shi ne boycott.

Kunnenka ma bai yaudare ka ba, sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott tsohon sojan Ingila ne da ke karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin wani mai filaye, Lord Erne, a yankin Mayo na ƙasar Ayilan. A 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoma suka roƙi a rage musu kashi 25 cikin ɗari, aka ce kashi 10 za a rage. Da suka ƙi, Boycott ya tashi korar iyalai 11 daga gonakinsu. A watan Satumba na shekarar, jagoran ƙungiyar manoman, Charles Stewart Parnell, ya yi jawabi a garin Ennis yana cewa kada a taɓa lafiyar kowa, a dai juya wa duk wanda ya karɓi gonar wanda aka kora baya. Mutanen Mayo suka ɗauki shawarar suka sauke ta a kan Boycott. 'Yan ƙwadagonsa suka watse, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, mai wanki ta daina zuwa, masu kanti a Ballinrobe suka ƙi sayar masa da komai, har yaron da ke kawo masa wasiƙu ya daina.

Tsohon ɗan jarida:
Malam, ka bar wurin dariyar. Amfanin gonarsa ya nuna ba mai girbi, sai aka kwaso 'yan sa-kai 50 daga arewacin ƙasar, aka haɗa su da sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 suna gadinsu. An ƙiyasta an kashe wajen fam 10,000 don a kwashe amfanin da bai wuce 'yan ɗaruruwan fam ba. Kafin shekarar ta fita mutumin ya tattara ya koma Ingila, amma jaridu sun riga sun mayar da sunansa kalma. Faransanci da Jamusanci duk sun are ta. Mu ma nan Najeriya zamanin neman 'yanci an yi Mbonu Ojike, wanda ake wa laƙabi da sarkin boycott saboda kiran da ya yi ta yi a bar kayan Turawa.

Hajiya mai atamfa:
Ni ba Turancin ne ya dame ni ba, ƙanena. Kyaftin Boycott na Ayilan ya ci ƙasa ne don ba wanda ya zagaya ta baya. Ku kun tanadi wani dilan? Idan aikin sallah ya taso, telan da ke da ɗinki ashirin a rataye ba zai jira wasiƙa ba, da daddare zai lallaɓa ya sayo zarensa. Kuma ku ja wa yaranku kunne, kada a tsaya ƙofar shagon mutum ana korar masu saye, nan ne magana ke komawa ofishin 'yan sanda.

Malamin sakandare:
Ga yadda za ka tsara ta: "We have resolved to boycott his shop." Kada ka sa from a bayanta, mutane da yawa na yin wannan kuskuren. Ka rubuta ranar farawa da sharaɗin janyewa.

Sakataren teloli:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, akwai wani dila a Kantin Kwari da muke magana da shi, kuɗin mota ne ba mu daidaita ba. Yanzu saura shawo kan Ciyaman, don shi har ya sa an rubuta strike a allon sanarwa.