Me ya sa Sun Yat-sen ya miƙa wa baran sarki ragamar jamhuriya?

Ɗalibi daga Ringim:

Assalamu alaikum malamai. Ina nazarin faɗuwar daular Qing ta ƙasar Sin, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. An rantsar da Sun Yat-sen a matsayin shugaban riƙo a birnin Nanjing ranar 1 ga Janairun 1912, amma ko wata uku ba a yi ba sai ga Yuan Shikai, firaministan sarkin da ake yaƙa, a kan kujerar. Ta yaya mutumin da ya shafe shekaru yana gudun hijira don kawar da sarauta zai damƙa amanar jamhuriya ga babban bafaden gidan sarautar? Tsoro ne ko rashin lissafi?

Malamin tarihi daga Gumel:

Wa alaikumus salam ɗalibi. Ka fara duba wanda ke riƙe da bindiga. Lokacin da sojojin Wuchang suka yi bore ranar 10 ga Oktoban 1911, Sun yana Amurka, kuma ko da ya dawo a watan Disamba ba shi da baitulmali, ba shi da runduna mai jin maganarsa shi kaɗai. Yuan kuwa shi ya horar da rundunar Beiyang, mafi ƙarfi a ƙasar, kuma hafsoshinta yaransa ne. A 1909 Yarima Chun, mai riƙon sarauta, ya sallame shi da hujjar wai ƙafarsa na ciwo. Da wuta ta kama aka aika masa ya dawo, sai ya ce ƙafar ba ta warke ba tukuna, bai kuma motsa ba har sai da aka sakar masa sojoji da gwamnati.

Daga nan ya riƙa tsorata fada da 'yan tawaye, yana tsorata 'yan tawaye da rundunarsa. Ranar 12 ga Fabrairun 1912 Longyu, uwar gidan sarauta, ta amince da murabus a madadin sarki Puyi mai shekara shida, bisa sharaɗin zai ci gaba da zama a fada da laƙabinsa da albashinsa. A ganina Sun ya yi daidai da ya bar wa Yuan kujerar don ya tsayar da zubar jini. Inda lissafinsa ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa kundin tsarin mulki da dawo da babban birni Nanjing za su ɗaure Yuan, alhali Yuan ko Bejin bai bari ba, a can aka rantsar da shi ranar 10 ga Maris.

Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Ɗambatta:

Allah ya saka wa malam da alheri. Ɗana, ba Yuan kaɗai ba ne. A zaman sulhun Shanghai, Tang Shaoyi ne wakilin arewa, ɓangaren Yuan da fada, Wu Tingfang kuma, tsohon jakadan daular a Amurka, shi ne wakilin 'yan juyin, wato duka ɓangarorin biyu ma'aikatan sarki ne. Xu Shichang, wanda ya yi babban gwamnan Mancuriya a ƙarƙashin Qing, ya yi shugaban ƙasa daga 1918 zuwa 1922. Da idona na ga irin wannan bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, domin malaman En'e ne suka ɗauko littattafan haraji suka koma sakatariya, ba wanda ya san aikin sai su. Ba na kiran mutanen nan maciya amana, tunda fadar ce ta fara watsar da su: a majalisar ministocin Mayun 1911, cikin mutum 13 huɗu ne kacal 'yan ƙabilar Han, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar.

Malama daga Kazaure:

Baba, da girmamawa, ba zan haɗa su a kwando ɗaya ba. Tang Shaoyi aminin Yuan ne na shekaru, ya zama firaministan jamhuriya na farko, amma ya ajiye aiki a Yunin 1912 da ya ga shugaban yana yin naɗi ba tare da sa hannunsa ba. Wannan mutum ya ɗauki sabon tsarin da gaske. Yuan bai ɗauke shi haka ba. A Maris na 1913 aka harbe Song Jiaoren, ɗan shekara 30 wanda ya jagoranci jam'iyyar Kuomintang ta lashe zaɓen majalisa, a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai, zargi kuma ya faɗa kan mutanen Yuan. Kisan nan ya fi komai yi mini ciwo a duk labarin, domin da shi aka rufe ƙofar neman mulki ta hanyar ƙuri'a.

Yuan ya haramta jam'iyyar, ya rushe majalisa a Janairun 1914, sannan a Disamban 1915 ya amince a naɗa shi sarki. Liang Qichao, wanda a da mai goyon bayan sarauta ne bisa tsarin mulki, ya yaƙe shi da alƙalami, ɗalibinsa Janar Cai E kuma ya ɗaga tutar tawaye daga lardin Yunnan. Yuan ya janye sarautar a Maris na 1916, ya rasu ranar 6 ga Yuni, hafsoshin Beiyang ɗin da ya horar kuma suka yi ta yaƙar juna a kan Bejin har 1928.