"Sorry": wa ya taɓa shan kunya a kanta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Watana uku a Birmingham, kalmar nan ta fara isata. Shekaranjiya wani Bature abokin aikina ya yi tuntuɓe a matattakala, kofin shayinsa ya tarwatse. Na ce masa "sorry, sorry", yadda za ka ce wa mutum sannu. Sai ya tsaya yana kallona, wai ai ba ni na ture shi ba. Na rasa ta cewa. Waɗanda suka riga mu zuwa, haka abin yake ko shi ne da nasa?

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Haka yake, ƙanena. Mu ne a Najeriya muka ɗora mata nauyin sannu, ko tari mutum ya yi sai mu ce sori. Su in ka yi tuntuɓe ka faɗi, tambayarka za su yi ko ka ji ciwo. Ni wadda ta ba ni kunya ta tambaya ce. A kantin magani na gama yi wa matar bayani, ta ce "sorry?" tana ɗaga murya a ƙarshe. Na ce mata ba komai. Ta sake, na ce wallahi ba komai, ya wuce. Ashe baiwar Allah ba ta ji ni ba ne, so take in maimaita. Ga layi a bayana, ga 'yata tana jan hijabina tana raɗa mini, "Mama, ki sake faɗa."

Direban Toronto: Hajiya, ku zo Kanada ku ga ikon Allah. Ka taka mutum, shi zai riga ka faɗinta. Wani ya taɓa goge mini mota ta baya, ya fito yana ta jera ta, na ce shi ke nan ya amsa laifi. Da muka je ga batun inshora aka ce mini wannan ba hujja ba ce. A lardin Ontario, inda Toronto take, tun 2009 akwai dokar da ta ce ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne.

Malam na Samaru: Ɗan Fagge, kada ka ga kamar ka yi ɓaranɓarama. Asalinta ɗaya da "sore", wato ciwo, kuma a tsohon Turanci mai jin zafi a rai ake nufi da ita. Ma'anar tuba daga baya ta zo. Shi ya sa har gobe suke amfani da ita wajen ta'aziyya.

'Yar Sydney: Malam ya tuna mini. 'Yan asalin Ostareliya "sorry business" suke kiran zaman makoki. Ranar 13 ga Fabrairu 2008 kuma Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya faɗe ta da ma'anar tuba, kan yaran 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu.

Ɗan Fagge: Na gode, Yaya da Malam. Yau ma a bas wata tsohuwa ta faɗa mini ita sau biyu, ina ta yi mata murmushi. Ashe jakata ce ta tare mata hanya.