Shawarwari ga mai son tuƙa jirgin Corsair a kwamfuta

Waɗanda suka daɗe suna tuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a manhajar kwaikwayon tuƙi sun yi ittifaƙi cewa sabon shiga kada ya fara da F4U Corsair. Ya fara da F6F Hellcat, wani jirgin yaƙin Amurka irinsa. Injinsu ɗaya, R-2800 mai ƙarfin doki kusan 2,000, amma Hellcat ya fi haƙuri wajen sauka a kan jirgin ruwan dakon jirage.

A tattaunawar da suka yi kan wannan, Corsair ne ya ci yawancin zancen, kuma ya cancanta. Hancinsa dogo ne, idan ka miƙo kai tsaye sai ya rufe maka dandalin sauka. Dabarar matuƙan sojan ruwan Birtaniya ita ce mafita: ka shigo kana lanƙwasawa hagu, idonka a kan jami'in da ke ba da alamar sauka daga kan jirgin ruwan, sai dab da sauka ka daidaita fukafukai. Idan gudu ya ragu, kada ka danna mai gaba ɗaya a lokaci guda. Farfelarsa ta kai mita 4, ƙarfin juyinta kan kifar da jirgin ta hagu. Wasu sun ce samfurin Corsair na kwamfuta da bai nuna wannan halin ba bai kai a saye shi ba, ni ma ra'ayina ke nan.

Kan fafatawa da Zero, jirgin yaƙin Japan, maganar kaɗan ce: kada ka biye masa zagaye. Faɗo masa daga sama, ka harba, ka wuce da gudu.

An ɗan saɓa kan kayan aiki, amma mafi rinjaye sun ce bayan sandar tuƙi, fedar ƙafa mai sarrafa wutsiyar jirgi za ka fara saya.