Bugun zuciya ƙasa da 60 a minti: me kuke fara dubawa?

Jami'in lafiya: Assalamu alaikum. Abokan aiki, baligi yana zaune a huce amma bugunsa 45 ko 50, me kuka fi tararwa ya jawo?

Likitan zuciya: Wa alaikumus salam. Malam, a fara zazzage ledar magungunansa. Magungunan hawan jini da na zuciya irin su atenolol, bisoprolol da propranolol duk suna rage gudun zuciya, abin ya fi muni idan an haɗa ɗayansu da verapamil ko diltiazem. Sau da yawa asibiti ya rubuta ɗaya, kemis ya ƙara wani, mai hawan jinin yana shan duka. Amma kada a yanke atenolol rana ɗaya, zuciya na iya zabura. Likita ne zai riƙa ragewa sannu a hankali. In ba magani ba ne kuma tsoho ne, a yi ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, don hanyar da saƙon bugu ke bi cikin zuciya kan toshe. Wasu sai an dasa musu batirin zuciya.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, cikin masu rage bugu a lissafa har da digoxin, maganin raunin zuciya, musamman ga masu jego da zuciyarsu ta kumbura. Frusemide, maganin sa fitsari da ake haɗa musu, yana zubar da sinadarin fotasiyam, sai digoxin ya zama guba: amai, ƙin abinci, ganin abubuwa rawaya-rawaya. Kuma don Allah a ƙirga bugun minti ɗaya cur, a saurari ƙirji. Wani bugun ba ya isa wuyan hannu, sai lissafi ya fito ƙasa.

Mai harhaɗa magunguna: Gaskiyarki, Sista. Wanda aka fi mantawa shi ne timolol na ɗigawa a ido. Majiyyaci ba ya lissafa shi cikin magani, alhali yana shiga jini ya rage gudun zuciya.

Likitan gaggawa: Mai ciwon ƙoda a auna masa fotasiyam nan take, hawansa yana tsayar da zuciya. Manomin da ya zo da dalalar miyau, gumi da tsukewar ƙwayar ido, a tambayi maganin feshi ko fiya-fiya. Allurar atropine, makarin wannan guba, yake buƙata. Mai kasala, yawan jin sanyi da ƙarin ƙiba, a gwada aikin thyroid, ƙwayar wuya da in ta kumbura ake kira maƙoƙo.

Likitan zuciya: Ɗan ƙwallo ko ɗan dambe mai bugu 50 da ba ya jin komai, a ƙyale shi, haka ma raguwar cikin barci. Wanda ke da jiri, suma, haki ko ciwon ƙirji kuwa, ko wanda ya sauka ƙasa da 40 ido biyu, a tura shi babban asibiti a ranar, kuma kada ya tuƙa kansa.