Yaro mai baiwa ne ko mai ƙiriniya? Ina neman haske

Gwaggon yara, Mabera:

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ku taimaka mini da shawara a kan ɗan ƙanena. Shekararsa 7, yana aji biyu na firamare. Tun yana ɗan shekara 4 yake haɗa baƙi, yana karanta allunan shaguna a hanya ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. A Islamiyya haddarsa ta wuce ta tsararsa, tubarkalla. Amma a boko kullum ƙara ake kawowa: ba ya zama wuri ɗaya, yana katse malami da tambaya, ba ya gama kwafar aiki, rubutunsa kuma ba kyau. In ya kuskure lissafi ɗaya sai ya yage takardar ya yi ta kuka. Wasu sun ce baiwa ce, a tsallake da shi aji. Wasu sun ce rashin ji ne, a sa bulala. Mene ne alamomin baiwa na gaskiya?

Malamin sashen ilimi, Arkilla:

Wa alaikumus salam, Hajiya. A ajiye bulalar nan tukuna.

Karatu da wuri da ƙarfin hadda alamomi ne, amma su kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba. Abin da ake dubawa shi ne sau nawa ake maimaita wa yaro sabon abu kafin ya kama, sannan ko yana iya ɗaukar abin ya yi aiki da shi a inda ba a koya masa ba. Mai baiwa yakan kama a karo ɗaya ko biyu, lokacin da sauran ajin ke buƙatar a yi ta bita. Tambayarsa ma daban ce. Bai tsaya ga "mene ne wannan" ba, sai "don me", da "in aka juya shi fa".

Ki gwada shi a gida. Koya masa dara, ki gani ko bayan wasa uku ko huɗu ya fara hango inda za ki kasa ƙwaya yana tare ki. Ba shi naira 500 a baki, ki ce ya sayi abu uku na 120, nawa ne canjinsa, sannan ki tambaye shi yadda ya yi. Sau da yawa hanyar tasa ba ta malami ba ce, amma amsar daidai. Ki yi masa tatsuniya ki tsaya a tsakiya, ya ƙarasa da kansa. A sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta irin waɗannan da kwanan wata, kamar wata biyu, don duk wanda zai duba shi daga baya da wannan zai fara.

Sauran halayen da aka saba gani: son zama da waɗanda suka girme shi, kalmomin da suka fi bakinsa, nacewa ga abu ɗaya na makonni (jirage, taurari, injin babur), da rashin haƙuri in ya ga an yi rashin adalci a rabon abinci ko a wasa. Wannan na ƙarshe shi ke jawo masa sunan mai tsaurin ido.

Kukan da yage takarda kuwa, ga dalilinsu. Tunaninsa na iya zama na ɗan shekara 10, amma yatsunsa da zuciyarsa na ɗan 7 ne. Ya san yadda aikin ya kamata ya fito, hannu ya kasa, shi kuma bai saba da kasawa ba. Joseph Renzulli, wani masanin Amurka, tun 1978 ya ce baiwa ba ta bayyana sai abu uku sun haɗu: basirar da ta wuce ta tsara, ƙirƙira, da juriyar aiki. Ta ukun ce ke mutuwa idan yaro ya shekara biyar yana cin jarrabawa ba tare da ya yi gumi ba. Ranar da ya haɗu da darasi mai wuya a sakandare, sai ya watsar.

Malamar firamare, Runjin Sambo:

Hajiya, kafin maganar tsallake aji, a roƙi malaminsa ya ba shi jarrabawar ƙarshen zango tun a makon farko. In ya ci kamar kashi 85 cikin 100 na abin da ba a koyar ba, to zaman banza ne ke sa shi ƙiriniya. Maganinsa a rage masa maimaici, lissafi biyar masu wuya maimakon ashirin masu sauƙi. Kada a ƙara masa yawan irin aikin da ya riga ya iya, domin zai gane cewa saurin gamawa horo yake jawowa, ya koma jan ƙafa. Kada kuma a mai da shi mataimakin malami kullum, yara za su tsane shi.

Tsallake aji yana yi wa wasu amfani, amma aji ɗaya, a farkon shekarar karatu, da gwajin mako shida da damar komawa ba tare da gori ba. Mai matsalar rubutu irin tasa, ni shawarata a bar shi a ajinsa, ya riƙa shiga aji uku don lissafi da karatu kawai. A tuna kuma a ƙa'ida sai shekara 16 ake shiga jami'a. Wanda aka yi ta tsallakewa da shi ya gama sakandare yana 14, zaman gida zai yi.

Ma'aikacin lafiyar yara, Gawon Nama:

Ina ƙara abu ɗaya, ranki ya daɗe. Rashin natsuwar gundura yana ɓacewa da zarar an ba yaro abin da ya kai ƙarfinsa. Idan kuwa yana nan a gida da boko da Islamiyya, ya haura wata shida, yana mantuwa da yar da kayansa ko a abin da yake so, a kai shi a duba. Haka in yana karanta rubutu da sauri amma bai san ma'anarsa ba, ba ya haɗa ido, ba ya wasa da yara, domin akan ga hakan a masu galahanga, wato lalurar autism. Baiwa da lalura suna iya haɗuwa a yaro ɗaya, ɗaya ta ɓoye ɗaya. A fara da gwajin ido da kunne, sai sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Gwajin basira da aka fi sani, WISC, na 'yan shekara 6 zuwa 16 ne, kuma maki 130 ake yawan ɗauka a matsayin iyaka, wato kamar yara 2 cikin 100. Sai dai an tsara shi da Turanci a wata ƙasa, yaron da Hausa ce harshensa zai iya samun ƙasa da haƙƙinsa. Gwajin Raven na zane-zane bai dogara da harshe sosai ba. Na wayar salula kam kada a kula su.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marke:

Allah ya raya shi, ya tsare shi daga baki. A daina kiran shi gaban baƙi ana cewa ya karanto, hakan na sa yaro ya ɗauka ƙaunarsa ake yi saboda ƙwaƙwalwarsa. A hadda kuma, mai saurin ɗauka yakan ƙi tilawa, ga shi ita ke riƙe karatu. A tsayar masa da ƙa'ida: ba ƙari sai ya kawo na baya, a haɗa masa da fassarar abin da ya haddace don tambayoyinsa su sami wurin zuwa.

Idan ya kai aji shida, akwai makarantar gwamnatin tarayya ta masu baiwa a Suleja, jihar Neja. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta, daban da ta shiga sauran makarantun tarayya, don haka sai mahaifinsa ya sa ido a kan sanarwar tun farkon shekarar.