Me ya kamata a zuba a jaka don hawan dutse na yini guda?

Sabon_Shiga: Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar, me ya wajaba mutum ya ɗauka idan zai yi tafiyar ƙafa ta hawan dutse, kimanin kilomita 12, fita da safe dawowa da yamma? Ba na son kaya su yi min nauyi.

Malam_Tsauni: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka shirya kamar dare zai riske ka a hanya, domin targaɗe ɗaya ko ɓatan hanya ya isa ya cinye maka awa uku. Fara da lissafi: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Kilomita 12 da hawan mita 600 wajen awa uku da rabi ke nan, ban da hutu.

Ruwa shi ne kan gaba. Rabin lita a kowace awa, in rana ta take har lita 1, saboda haka kada ka fita da ƙasa da lita 3. Ka haɗa da ƙunshi 2 na gishiri da sukari, wato ORS. Mai zufa da yawa in ya dinga kwankwaɗar ruwa zalla, gishirin jikinsa raguwa yake yi, sai ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Sai fitilar goshi da batir na ajiya. Tocilar waya ba ta wadatarwa, ga shan caji, ga hana ka amfani da hannu ɗaya wajen sauka.

Malama_Jinya: Ƙari a kan bayanin Malam, a kula da ƙafa. Kada a je da sabon takalmi, kuma a guji safar auduga: tana riƙe gumi, fata ta yi laushi, bororo ya fito. Da zarar ka ji dunduniya ta fara zafi, tsaya nan take, ka busar da wurin ka manna filasta. Ƙaramin ƙunshin agajin gaggawa ya ƙunshi filasta, bandeji mai talewa don targaɗe, maganin wanke rauni, farasitamol, da duk maganin da kake sha kullum. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Mai_Taswira: Rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi su shiga jaka ko da gari garau yake, don duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ka sauke taswirar wurin a waya tun daga gida, ka tafi da fawa bank da taswirar takarda da kamfas, wato na'urar nuna gabas da yamma. Usur ma wajibi ne, busa uku a jere alamar neman taimako ce. Kafin ka fita, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da zai fara nemanka in bai ji daga gare ka ba.

Sabon_Shiga: Na gode ƙwarai. Jaka mai lita nawa za ta ɗauke su?

Malam_Tsauni: Mai lita 20 zuwa 25 ta isa, har da guzuri. Ruwan ya jingina da bayanka, rigar ruwa da fitila a sama.